Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

New Bell, Duwala
9 ga Sha'aban

Zuwa ga taubashiyata Hajiya Sabuwa, 'yar Gwaggo Inno, a Bauchi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da ɗanki Salman da iyalinsa kuna lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da sauro, sai kuma ƙafata ta hagu, wadda ita ce dalilin wannan takarda. Da hannuna na rubuta, da ajamin da kika sani, don in na ba 'yata Zulfa ta rubuta sai ta gyara mini magana ta cire mata gishiri.

Ga abin da ya faru. A ƙofar gidanmu akwai kwata, a kan kwatar akwai katako da ake takawa a shiga. Baba Umaru, kawunki, shi ya ɗora na farko shekarar da ya iso garin nan, ni kuma na sauya shi sau shida. Shekara talatin da ɗaya na yi ina dako a tashar jiragen ruwa, buhun koko da buhun siminti, ban taɓa ko targaɗe ba. Ƙarshen daminar nan na fito da buta a hannu, buta kawai, ƙafa ta zame, gwiwa ta murɗe, na ji ƙas. Wata uku ina ɗingishi, gwiwar ta kumbura, wani lokaci ta ƙulle ta ƙi miƙewa, har yara suka ɗauke ni sai lopital, wato asibiti.

Likita ya ce meniskina ya yage. Na ce masa ni ban san ina da shi ba. Ya ce kowa na da biyu a kowace gwiwa, wani guringuntsi ne da ke tsakanin ƙashi da ƙashi don kada su gogi juna. Na ce to ka ce gammo mana. A watan Rajab suka tsaga suka yanke wurin da ya yage. Na ce su ba ni abina. Suka yi ta kallon juna, daga baya suka kawo shi a 'yar kwalba, bai kai farcen babban yatsa ba. Na binne shi gindin mangwaron tsakar gida. Saboda haka ki sani, wani sashena ya riga ya kwanta a New Bell.

Bayan an cire zare suka tura ni wurin wata mata, ita ba likita ba, ba nas ba, kine suke ce mata. Ta ɗauko tef irin na teloli ta auna mini cinya. Na ce, "Madam, wando za ki ɗinka mini?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta hagu ta fi ta dama sirantaka da yatsa uku, wai naman cinya ya zube, sai an dawo da shi. Na ce ai gwiwa aka yanka, me ya kawo cinya cikin shari'ar?

Sai ta kai ni wani ɗaki ta nuna mini keke. Yana da sirdi, yana da feda, amma an kafe shi a ƙasa da ƙusoshi. Na tarar da wani ƙaton mutum da gemunsa a kai, yana ta zufa, yana fuskantar bango. Na tambaye shi ina za shi. Ya ce ba ko'ina. Sabuwa, na san irin waɗannan. Akwai ɗaya a kasuwarmu, da baki yake tuƙa mota tun safe har yamma. Na ce wa matar ni ba zan hau abin da za a tuƙa a sauka inda aka hau ba. Na ɗauki sandata na fito.

Yanzu ni nake jinyar kaina. Na ɗora ƙafar a kan matashi ba ta taɓa ƙasa sai dole, kullum kuma Zulfa tana yi mini farfesun ƙafar sa, don ƙafa ƙafa take nema.

Ga babbar maganar. Abdulganiyu, ɗana na fari, mai aikin biro, wato ofis, a tasha, ya gina gida a Ndogpassi, can bakin gari. Ya ce akwai masai na zama, babu kwata, babu katako, in tattara in koma. Muka yi ta yi, har a gaban limamin unguwa ya kafa mini sharaɗi. Daga nan zuwa Babbar Sallah, in na iya durƙusawa har ƙasa na tashi ban dafa bango ba, ban kama kowa ba, zai ƙyale ni a gidan ubana. In ban iya ba zai zo da mota ya kwashe ni. Zuciya ta ɗebe ni na ce na yarda. Liman ya shafa fatiha.

A Ndogpassi wa ya san ni? A nan ba a ɗaura aure sai an zo an tambaye ni ko iyayen yaran sun sha nono ɗaya. Ni na san wanda ya zo garin nan da ƙafa, da wanda ya zo a jirgin ƙasa, da wanda ya zo a guje. A can sai dai in riƙa ba kaji labari.

Ke kin yi aikin asibiti. Ki aiko mini da magani na gaskiya, na shafawa ko na sha. Ilu direba zai kawo miki wannan, ki ba shi amsa.

Yayanki, Zakari

*

Bauchi
6 ga Ramadan

Yaya Zakari,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun yi maka jaje, Allah Ya ƙara sauƙi. Muna lafiya. Ina yi maka barka da shan ruwa, kai da Zulfa.

Shekara ashirin da shida na yi ina jinyar mutane, na ga masu taurin kai iri-iri, amma Inna ta sha gaya mini cewa na gidan Kawu Umaru daban ne. Yau na gaskata.

Maganin da kake nema ka baro shi a ɗakin nan da ka fito da sandarka. Bari in yi maka bayani da yaren 'yan dako. Gwiwa ba ta ɗaukar kanta. Naman gaban cinya shi ke riƙe ta, shi ke tare nauyi kafin ya sauka a kan ƙashi. Da kana da cikakken gammo. Yanzu an rage shi, dole cinya ta karɓi aikin da ya bari. Kai kuma ka kwantar da ita a kan matashi kana yi mata fifita. Duk ranar da ta kwana ba ta yi aiki ba ƙara zubewa take, ranar Sallah kuwa in ka durƙusa, sai an kira mutum huɗu.

Ƙafar san da kake sha ba ta san hanyar ƙafarka ba. Tumbi take tafiya. Ka tambayi Zulfa ko ba ta ƙara maka tsawon mazagi ba.

Ka koma wurin matar nan. In ta ce ka miƙe ƙafa ka ɗaga, ka ɗaga. In ta ɗaura maka jakar yashi, ka ɗauka, ai ka ɗauki abin da ya fi shi. Keken kuma ka hau, a hankali, kullum. Ba wanda zai tambaye ka ina za ka sai mai irin bakinka.

Kawu Umaru da ƙafa ya tashi daga nan Bauchi har bakin teku, da kayan fatauci a ka. Ɗansa kuma an ce ya murza feda a inuwa ya ce ba zai iya ba. In ka koma Ndogpassi ka gaishe mini da kajin.

Ƙanwarka, Sabuwa

*

New Bell
9 ga Shawwal

Hajiya Sabuwa,

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Takardarki ta zo, na karanta sau biyu, na farko da fushi. Ban ce ba zan iya ba. Cewa na yi ba zan hau ba. Ki riƙa karanta magana yadda aka rubuta ta. Maganar mazagi kuma ba ruwanki.

Sallar Idi a kan kujera na yi ta, a gefen sahu, tare da mutum biyu da suka girme ni da shekara ashirin. Abdulganiyu ya zo gaisuwa, ina kallonsa yana auna ƙofar ɗakina da ido, ko gadona zai fita. Na ce masa kada ya sake tako mini gida sai ranar da aka yi alkawari. Ya ce, "Dakor, Papa," wato ya yarda. Ya tafi.

Ko na so komawa wurin kine yanzu ba hali. Garin nan ya shiga abin da suke kira bil-mot, wato mataccen gari. Ba kasuwa, ba taksi, ana ƙona taya a mararraba, sai an ɗan sarara mutane su fito su yi cefane su koma. Ni ban san kan siyasarsu ba. Abin da na sani, an rufe biron su Zulfa, tana gida tun safe tana kallon ƙafata.

Mahautan unguwa kuma sun shiga uku. Mai wasa musu wuƙa a Bonaberi yake, hayin kogi, gada kuwa yau a buɗe gobe a rufe. Ran nan na ji ƙarar walda a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga Bilya mai walda ya fito da tsohon kekena na zuwa tasha, wanda ya shekara goma a rataye. Ya kafa shi a kan ƙarfe, ya cire tayar baya, ya ja bel daga nan zuwa wani dutsen washi da ya ɗaura a gaba. In an murza feda dutse ya juya. Zulfa tana tsaye tana cewa wai taimakon mahauta za a yi.

Bilya ya hau, ya ɗauki wuƙar fawa ya kafa ta a tsaye a kan dutsen kamar zai yanka shi. Na kau da kai. Ya ɗauki ta biyu. Na ce, "Kai, ɗan gidan wa ya koya maka washi? Kakanka Garba maƙeri ne a Fumban, da ya ga wannan da ya yi kuka. Kwantar da ita." Ya ƙara miƙar da ita. Na ce sauka.

Na san dabararsu, ni ba yaro ba ne. Bilya ya fi kowa iya washi a unguwar nan, kuma sirdin an riga an ɗaga shi daidai tsawona don kada gwiwa ta lanƙwashe da yawa. Amma wannan keke ne mai aiki. Ka hau da dakusasshiyar wuƙa ka sauka da mai aske gashin hannu. Ba a ce da mai wannan mahaukaci.

Ranar farko wuƙa uku na yi, cinyar tana rawa kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa. Abin da ya dame ni shi ne zaman wuri ɗaya, ido a kan bangon maƙwabci. Sai na tuna da zangon Baba. Kin san ya bar mini sunayen duk inda ya kwana daga Bauchi zuwa Duwala, zango saba'in da huɗu, yana biya mini su kamar karatu, har da rijiyar da ya sha da wanda ya sauke shi. Ni kaɗai na rage da su. To na juya su ta baya. Duk wuƙa bakwai zango ɗaya. Adda ko gatari hawan dutse ne. Yau kwana shida da tashina, ina gab da Yabasi, mahauta suna tambayata kullum, "Baba, yau ina aka kwana?"

Zan riƙa aiko miki da labarin hanya. Ilu zai tashi gobe in an bar motoci sun fita.

Zakari

*

27 ga Shawwal

Sabuwa,

Gaisuwa a gurguje, mai ɗaukar takardar yana tsaye a kaina, wani bafatake ne da zai tsallaka Najeriya ya jefa ta a gidan waya. Ina lafiya, da fatan kuna lafiya.

Jiya na kwana Fumban. Keken yana tafiya yadda ake so, sau ɗaya kawai sarƙa ta zame. Hawan Bangante ya ba ni wuya ƙwarai, kwana biyu ina fama, har gwiwar ta ɗan kumbura na sa mata tsumma da ruwan sanyi na huta yini guda. Amma cinya ta fara dawowa, ina jin ta a cikin wando. Yanzu nakan yi zango biyu kafin azahar.

A Fumban na tuna da matar da Baba ya ce ta ba shi kunu ta ƙi karɓar goronsa. Na yi mata addu'a.

Zulfa ta yi ta magiya wai na cika gaggawa, in dakata. Ban saurare ta ba. In Allah Ya yarda sati mai zuwa ina Banyo, daga nan Konca, sai Yola. Da wannan tafiyar zan shigo Bauchi kafin Babbar Sallah.

Abdulganiyu bai san komai ba. Kada ki gaya masa, so nake ya gani da idonsa.

Zakari

*

Bauchi
11 ga Zulƙida

Zuwa ga ɗana Abdulganiyu, a Ndogpassi.

Assalamu alaikum. Da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni ban da lafiyar zuciya, kuma ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Ina ubanka? In ka ce yana New Bell, yaushe rabonka da ganinsa?

Tun azumi ban ji daga gare shi ba. Na rubuta masa na ce ya hau keken asibiti, na kuma yi masa gori da tafiyar da kakanka ya yi da ƙafa. Laifina ne, na san halinsa na yi. Shiru, shiru, sai kwanan nan ga takarda daga gare shi, wai ya kwana Fumban a kan keke, ya nufi Banyo, zai zo Bauchi kafin Sallah. Na ce ko wasan taubasai ne. Na duba hatimin gidan waya, na Gembu ne, nan kusa da Banyon. Ga takardar na haɗo maka, ka san hannunsa.

Ya ce kada in gaya maka. Na gaya maka.

Mutum mai shekara saba'in, wata huɗu da yanka, a kan duwatsu, da damina, ƙasarku kuma a hargitse. Ku kuna ina har ya fita? Ita Zulfa magiya kawai ta iya, ba ta iya ɓoye keke ba?

Na tura Salman Yola, yana zaune a bakin gada yana duba duk tsohon da ya wuce a kan keke. Ya tare uku, ba shi ba ne, ɗaya har ya zage shi. Kai ma ka biyo ta bayansa. Direban da zai kawo maka wannan ya ce ta unguwarku suke shiga gari, zai ba ka hannu da hannu.

Duk da haka na sayi rago na ɗaure, na sa an share ɗakin baƙi. Unguwa duk ta ji, har liman ya sa shi a addu'a. In ya iso da rai zan fara yi masa wankin babban bargo, sannan in ba shi abinci.

In ka riga ni samunsa, ka ce masa na janye maganar kaji.

Gwaggonka, Sabuwa

*

New Bell
1 ga Zulhajji

Hajiya Sabuwa, mai tsaron amana,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, Zulfa tana lafiya, Abdulganiyu yana samun sauƙi. Ki aika a ɗauko Salman daga bakin gada kafin ya tare wani mai sanda.

Na gano inda aka samu tangarɗa. Akwai takardar da na rubuta miki farkon Shawwal, wadda ta yi bayanin komai. Tana aljihun Ilu, Ilu kuma yana Maiganga sati shida, motarsa ta karye, ba a samu ƙarfen gyara ba saboda rufe gari. In ta iso ki karanta. A taƙaice, keken a ƙofar gida yake a kafe, wuƙa nake wasawa da shi, hanyar kuma a kaina take. Ban taka ko bakin kwalta ba.

Yanzu ga abin da takardarki ta haifar. Ranar Talata ce, gari a rufe, ko kare ba ya tsallaka titi. Ni ina kan keke bayan azahar, layin wuƙaƙen layya har bakin masallaci, mahauta uku suna zaune a benci, liman ma ya kawo tasa yana jira. Sai ga wani mutum ya ɓullo daga kan kwana yana jan ƙafa, riga sharkaf, takalmin biro a ƙafa, takarda a hannu. Sai da ya matso na gane ɗana ne. Daga Ndogpassi ya tako. Mutumin da ko gidan burodi da mota yake zuwa.

Ya tsaya ya dube ni, ya dubi takardar, ya sake dubana. Ya ce, "Papa, kana nan?"

Na ce, "A'a, ina Numan. Yanzu na tsallake kogi."

Mahauta suka kwashe da dariya har ɗaya ya faɗo daga benci. Shi kuwa ya buɗe baki zai yi Faransanci, sai ƙafarsa ta ƙage. Ya zube nan bakin kwata ya riƙe sha-raɓa yana kiran uwarsa, Allah Ya ji ƙanta.

Ɗa ɗa ne, ko yana da tumbi. Ban san sanda na sauko ba. Na tsuguna a gabansa na cire masa takalmin, ƙafar duk ta yi bororo, na kama yatsun na tanƙwara su sama yadda muke yi wa sababbin 'yan dako. Zulfa ta kawo ruwa a kwano na wanke masa. Da na gama na ɗauki kwanon da hannu biyu na miƙe zan zubar.

Sai na ga kowa ya zuba mini ido.

Liman ya ce, "Malam Zakari, sake yi mu gani."

Na ce, "Me?"

Ya ce, "Abin da ka yi yanzu. Da kwanon."

Na tsuguna har ƙasa na tashi. Ya ce in ƙara. Na ƙara. A na uku gwiwar ta yi 'yar ƙara, amma ita da ni kaɗai muka ji. Zulfa ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi, wai hayaƙin taya ne.

Abdulganiyu daga ƙasa ya ce ai wannan ba ya cikin lissafi, ba ranar Sallah ba ce. Liman ya ce shi ya shafa fatihar, kuma abin da aka ce daga nan zuwa Sallah, ba a ce sai ranar ba. Sannan ya ce, "Kai ma tashi mu gani, kada ka dafa komai." Ya yunƙura sau biyu. A ƙarshe mahauta biyu suka kama shi, ni na riƙe masa hannu ya tsallake katakon.

Kwana uku ya yi a ɗakin da aka haife shi, don ba mota kuma ba ƙafa. Kowace safiya ina jin sa a bayan gida yana neman bango. Na ce masa na ba shi daga nan zuwa Sallah, in bai iya tashi da kansa ba zan riƙe shi a New Bell. Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun yana makaranta. A rana ta biyu wasu suka zo tambayar asalin wani yaro da ke neman aure, yana kwance yana ji na kai su har kaka na huɗu. Da suka tafi ya ce in sake biya masa zangon Baba a hankali, ya ɗauko biro da takarda. Mun kai ashirin da biyu. Ya ce zai dawo ranar Asabar mu ci gaba. Maganar mota ba ta sake tashi ba. Abin da ya roƙa kawai a sauya katakon da mai faɗi, na ce wannan na bakwai ke nan, ya saya ni zan ɗora.

Don kada ki ce na ɓoye miki, gwiwar ba ta koma yadda Allah Ya yi ta ba. In hadari ya haɗu takan gaya mini kafin kowa, zaman tahiya kuma sai na ɗan karkace. Ranar Asabar da gari ya buɗe Zulfa ta ja ni wurin kine. Ta auna, saura yatsa ɗaya. Ta tambayi me nake yi, Zulfa ta gaya mata. Wannan karon ta yi dariya. Ta ce kada in daina, in ƙara da ɗaga ƙafa da jakar yashi. Na ce yashi ba shi da aikin yi, da gishirin Zulfa nake ɗagawa. Mai gemun nan yana nan yana fuskantar bango. Na ce masa in ya gaji ya zo New Bell, akwai adduna.

Maganarki ta cinya gaskiya ce. Na faɗa sau ɗaya, kada ki nemi ƙari.

Ga wuƙa nan na naɗe a tsumma, ni na wasa ta, a zangon Yola. Ki ba mai yanka miki. Ragon da kika ɗaure ki bar shi ya kai ranar layya, kada a yi asararsa a kan baƙon da ba a gani.

Amma tafiya ba ta ƙare ba. Saura zango goma sha shida, wuƙaƙe kuma sun yi yawa, bisa lissafina ranar jajibiri bayan la'asar zan shigo Bauchi. Baba ya yi shekara arba'in yana cewa baɗi zai koma ya ga Gwaggo Inno, har aka binne shi a nan. In takardar nan ta riga ni isowa, ki fito ƙofar gida a wannan lokacin ki ɗan tsaya. Ba sai kin share ɗaki ba, ba zan kwana ba. Washegarin Sallah zan juyo, gida ba kowa sai Zulfa.

Yayanki, Zakari